Neman shawara: ina so in kai Hajiya Rancho San Antonio, maigida ya ce akwai zaki

Maman Ilham:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah ina neman shawarar waɗanda suka san Rancho San Antonio, dajin shaƙatawar nan da ke bayan Cupertino a jihar California ta Amurka. Mahaifiyata ta zo mini zaman jego daga Katsina, an yi arba'in, tana nan tare da mu a Sunnyvale sai bayan babbar salla za ta koma. Damuwata ita ce zaman ɗaki ya fara cin ta. A gida ba mai zama ba ce. Tana da awaki da kaji, da safe ita ke ba su dusa da harawa, ta leƙa maƙwabta, yau barka gobe ta'aziyya. A nan kuwa daga ɗaki sai falo, ta yi shiru tana jan carbi, abinci ma ba ta ci sosai. Tana da ciwon suga, likita ya ce lallai ta riƙa tafiya, ga gwiwarta ta dama tana damun ta. Na ce mu riƙa zaga unguwa da yamma, ta ce ita ba za ta yi ta yawo a bakin titi ba tare da inda za ta ba.

Wata maƙwabciyata ta ce a cikin dajin akwai gona mai dabbobi, kuma ana ganin barewa a hanya. Da na gaya wa Hajiya har ta gyara zama tana tambayata wane irin awaki ne. Amma Baban Ilham ya ce ya ji zaki ya taɓa kama yarinya a wurin, shi bai yarda a kai surukarsa da 'ya'yansa ba. Ilham shekararta 4, ga jariri a goye. Shin maganar zakin gaskiya ce? Tsohuwa mai ciwon gwiwa za ta iya kaiwa gonar? Wane lokaci ya fi dacewa? Allah ya saka da alheri.

Injiniya Sani:
Wa alaikumus salam Maman Ilham, barka da arziki, Allah ya raya. Na san wurin sosai, can nake motsa jiki. Sunan gonar Deer Hollow Farm. Daga inda ake ajiye motoci zuwa ƙofarta kamar mil 1 ne, wato kilomita ɗaya da rabi da 'yan kai, kuma hanyar a shimfiɗe take, babu hawa na a zo a gani. Iyaye na tura keken jarirai a kanta kullum. Zuwa da dawowa mil 2 ke nan. Idan Hajiya tana iya zaga kasuwa da ƙafarta, wannan ba zai gagare ta ba, in dai ba a yi mata gaggawa ba.

Abin da ke ba mutane wahala shi ne wurin ajiye mota. Shiga kyauta ne, ajiye mota kyauta ne, kuma cikin duk dazuzzukan da hukumar Midpen ke kula da su babu wanda ya kai shi jama'a. Asabar da Lahadi kafin hantsi ya cika, za ki ga motoci suna ta zagaye suna jiran wani ya fita. Da tsohuwa da jariri a mota wannan ba daɗi. Ku je ranar aiki, amma ban da Litinin, domin ranar gonar a rufe take. Ta Cristo Rey Drive ake shiga, kusa da inda babbar hanya ta 280 ta haɗu da Foothill.

Kada ki bari kowa ya ja ku zuwa hanyoyin sama a zuwan farko. Akwai wadda ake kira Stephen E. Abbors, da can PG&E Trail, tana bin manyan turakun wutar lantarki, hawa ne mai tsawo kuma rana na dukan mutum. Akwai ta Black Mountain, dutsen da tsawonsa ya kai ƙafa 2,800. Waɗannan na masu ƙarfin gwiwa ne. Ku naku gona, ku huta, ku juyo.

Baban Hanif:
Ni dai ina bayan Baban Ilham, kuma kada a ga laifinsa. Maganar ba jita-jita ba ce. A watan Fabrairun 2020 zakin dutse ya kai wa wata yarinya 'yar shekara 6 hari a hanyar Wildcat Loop, tana tare da manya, da hantsi ba da dare ba. Wani daga cikin manyan ne ya kai wa dabbar duka har ta sake ta. Allah ya kiyaye, raunin bai yi muni ba, aka rufe dajin na wasu kwanaki har aka kama zakin. Inda barewa ta yi yawa dole mai cin barewa ya zo, kuma wurin nan cike yake da barewa. Me zai hana ku je Shoreline a Mountain View? Fili ne fetal, ga tafki, ga tsuntsaye, hanya mai kwalta, babu abin da zai tsorata kowa. Rigakafi ya fi magani.

Hajiya Rabi:
Baban Hanif, Shoreline wuri ne mai kyau, amma ka sake karanta abin da yarinyar nan ta rubuta. Ba wurin tafiya uwarta ta rasa ba, titin unguwarsu ma ai wurin tafiya ne. Dalilin fita ta rasa. Mu da muka taso a gida ba mu san a fita a yi ta tafiya don tafiya kawai ba. Ana zuwa rijiya, ana zuwa gona, ana zuwa gaisuwa. Ka ce wa tsohuwa ta tashi ta motsa jiki, za ta ce maka to, ta ci gaba da zamanta. Ka ce mata akuya ta haihu a gonar can mu je mu gano, mayafinta za ta fara nema.

'Yata, ki kai ta. Yayata da ta zo mana daga Zariya haka ta yi ta ramewa, ba ciwo ba komai, kewa ce kawai. Ranar da muka kai ta gonar nan ta daɗe a jingine da shingen awakin tana yi musu magana, tana gaya mana wacce ke da ciki, wacce ta kusa yaye. Ba yaren da take ji a ƙasar nan, amma wannan ta san shi ciki da waje, ba wanda zai fassara mata. Daga nan ita ke tambaya yaushe za a koma. Kuma yanzu ne lokacinsa, tunda a nan ruwan sama da sanyi yake zuwa, duwatsun sun yi kore shar, dabbobin gonar ma yanzu suke haihuwa. In kuka bari zafi ya shigo ciyawar duk za ta bushe ta yi ja.

Abu ɗaya, ki gaya mata tun daga gida cewa akwai aladu a gonar, a nasu garken daban. Kada ta yi kiciɓis da su ranta ya ɓaci. Ba dole sai kun bi ta gabansu kun tsaya ba. Akwai tumaki, akwai shanu, akwai kaji da zomaye, sun ishe ta kallo.

Zainabu Nas:
Anti Maman Ilham, ni ta ɓangaren lafiya zan yi magana. Kada Hajiya ta fita da yunwa. Ta karya kumallo, ta sha maganinta yadda ta saba, a auna sugan kafin a fita. Idan allurar insulin take yi, ko tana shan irin ƙwayoyin da ke iya saukar da suga ƙasa sosai, ki sa dabino ko lemon kwali mai zaƙi a jaka. In kika ga ta fara gumi mai sanyi, hannu na rawa, ko magana ta fara rikice mata, ku zauna nan take ki ba ta. Ki saya mata takalmi rufaffe mai taushi da safa, ban da silifa. Mai suga kan ji rauni a ƙafa bai sani ba, don haka in kun dawo a duba tafin ƙafarta da tsakanin yatsu. Sanda kuma za ta rage wa gwiwar nauyi, ta riƙe ta a hannun hagu tunda ta dama ce mai ciwon.

Gaskiya ni abubuwan da na fi ji wa Ilham tsoro ƙanana ne, ba zaki ba. Na farko wata shuka da suke kira poison oak, ganyenta uku-uku ne a haɗe, wani lokaci kore mai sheƙi, wani lokaci ja. Tana nan birjik a gefen hanyoyi. Man da ke jikinta na sa ƙuraje masu ƙaiƙayi da ruwa, sukan ɗauki makonni kafin su warke, kuma yana maƙalewa a tufafi. Doguwar riga ko zani in ya shafe ta, sai ya shafa wa wanda ya taɓa. Ku bi tsakiyar hanya, Hajiya ta ɗan ɗage zaninta, in kun koma gida a wanke kayan. Na biyu kaska, tana cikin doguwar ciyawa, wata tana ɗauke da cutar Lyme. A duba bayan kunnen yarinya da wuya da hammata da cikin kitso. Na uku maciji mai ƙararrawa a wutsiya, yakan fito shan rana idan gari ya yi ɗumi. In kun gan shi ku ja baya ku ba shi hanya. In tsautsayi ya sa ya sari wani, ba a tsagawa, ba a tsotsa, ba a ɗaurewa da igiya kamar yadda aka saba a gida. A kira 911, lambar agajin gaggawa.

Jaririn kuma a rufe shi daga rana, ku ɗauki ruwan sha isasshe.

Malam Yusufu Damagaram:
Ƙarin bayani kaɗan kan dokokin wurin, don tsofaffinmu hannunsu ba ya zama. Ba a tsinkar ganye ko saiwa, ba a ɗaukar komai a fita da shi. Ba a ba dabbobi abinci, na daji da na gonar duka, ko da Hajiya ta ga akuya ta miƙo baki. Talotalon daji suna yawo garke-garke a filin da ke kan hanyar gonar, ba sa gudun mutane, kuma mazan kan yi faɗa a wannan lokaci, kada Ilham ta bi su. In kun ga ɗan barewa kwance shi kaɗai a ciyawa ba yasar da shi aka yi ba, uwar tana kusa. Wani abin da zai yi wa Hajiya daɗi, an hana shiga da karnuka gaba ɗaya, ba za ta yi ta kaffa-kaffa da tufafinta ba. Ku yi alwala daga gida ku riƙe darduma. Kusa da gonar akwai wata babbar rumfar ciyawa mai tebura, nan ake zama a ci abinci, sharar kuma ku koma da abarku.

Gonar tsohuwa ce, tun ƙarni na 19 wasu 'yan uwa biyu masu suna Grant suka zauna a wurin, ɗakinsu na katako yana nan har yanzu. Birnin Mountain View ne ke gudanar da ita, 'yan makaranta na zuwa koyon noma da kiwo.

Maman Ilham:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Hajiya Rabi, wallahi kin faɗi abin da ke raina wanda na kasa faɗa. Na nuna wa Baban Ilham duk amsoshin. Ya ce maganar Baban Hanif ta tabbatar da abin da ya ji, yana so ya san ko inda abin ya faru nan ne za mu bi. Kuma in mutum ya haɗu da zakin me zai yi?

Injiniya Sani:
Ki gaya masa tambayarsa tana kan hanya. Wildcat Loop tana gaba da gonar, sai an wuce ta an shiga kwazazzabo mai duhun itatuwa. Ku ba za ku kai can ba. Ba zan ce masa zaki ba ya saukowa ƙasa ba, dajinsa ne, kuma dare na yi yana yawo inda ya ga dama. Amma hanyar gonar da hantsi ba ta rabuwa da mutane, masu gudu, tsofaffi, 'yan makaranta da malamansu, kuma dabbar nan gudun hayaniya take yi. Ni ban taɓa sa shi a ido ba, sai dai karen daji da kyanwar daji daga nesa. Ba irin zakin da muka sani ba ne mai geza, ya fi kusa da damisa a girma, launinsa na ƙasa, da doguwar wutsiya.

Abin da hukumar ke faɗa a allunanta shi ne kada a yi tafiya da asuba ko da almuru, kada mutum ya tafi shi kaɗai, yara kuma su kasance kusa da hannu, kada su ruga gaba. In an haɗu da shi ba a gudu, gudu ne ke sa ya bi mutum. A ɗauki yaro sama, a tsaya a fuskance shi, a ɗaga hannuwa ko a buɗe mayafi don a ƙara girma a idonsa, a ɗaga murya, a ja da baya a hankali. In ya kawo hari a rama da duk abin da ke hannu. Idan an ga zaki kusa sukan kafa sanarwa a bakin hanya, wani lokaci su rufe wasu hanyoyin, don haka ki duba shafin Midpen daren da za ku tafi.

Shawarata, zuwan farko ya ɗauki hutun rabin yini ya raka ku da kansa, ya riƙe hannun Ilham, ke ki ji da Hajiya da jariri. Gani ya kori ji.

Baban Hanif:
In dai da namiji a tafiyar, kuma a gonar za a tsaya, na janye. Amma Ilham kada ta bar hannun babanta ko da taku biyar ne.

Hajiya Rabi:
Maman Ilham, ku sa ranar Alhamis. Ni ma zan zo daga Fremont in gaida Hajiya, mu taka tare a hankali, ku yara ku yi gaba. Ina da sanda ta biyu a mota, ba sai kin saya ba. Ki turo mini saƙo ta gefe mu tsayar da lokaci.