Ciyawar roba ko ta ƙasa: wa Alhaji ya kira almubazzari?

Alhaji na Barnawa: Salamu alaikum jama'a. Makon jiya na sa an tone ciyawar tsakar gidana kaf. Shekara uku ina bautar kirikiri. Da damina ba laifi, daga Mayu zuwa Oktoba Allah ke shayar da ita, yanka kawai take so. Amma da hunturu ya kama sai ta yi ja kamar an babbaka ta. Safe da yamma a tada bohol, in ba wuta a tada janareto, ga gara ta cinye gefe guda. Na shimfiɗa ta roba na huta. Ni dai a ganina, duk mai zuba ruwa a ciyawar da ko akuya ba za ta ci ba a Kadunan nan almubazzari ne.

Malamin makaranta: Wa alaikumus salam. Alhaji, ka janye kalmar nan. Ka san abin da Suratul Isra'i ta ce, almubazzarai 'yan'uwan shaiɗanu ne. Yanzu gyatumata da ke ban ruwan ɗan filinta a Malali a nan ka saka ta?

Alhaji na Barnawa: Subhanallahi, Malam, ban ambaci Hajiya ba.

Malamin makaranta: Ka ce "duk".

Mai lambu: Ranka ya daɗe, mu jira Maris. Ka fito da ƙarfe biyu na rana ka taka ta ba takalmi. Roba ce fa, dangin leda, asalinta man fetur. Zafi take tarawa, ita kuwa ta ƙasa sanyaya gida take yi. Masu ta roba na sani sai sun watsa mata ruwa kafin yara su fita wasa. Ga ƙurar hunturu da ke maƙalewa a cikinta, sai an wanke. To ruwan wa ya fi tafiya a banza?

Mai shagon kayan ado: Wannan tsoron rasa aiki ne kawai. Tun 1966 aka shimfiɗa ciyawar roba mai suna AstroTurf a filin wasa na Houston a Amurka, saboda ta ƙasar ta mutu musu. Ko ka fi su sani?

Mai lambu: Filin nan rufaffe ne, an shafe gilashin rufinsa da fenti, rana ta daina shiga, dole ciyawa ta mutu. Gidan Alhaji rufin gilashi gare shi?

Ɗalibi: Afuwan manya, kalmar ma ba a wurinta take ba. Malamai sun rarrabe. Israfi shi ne wuce gona da iri a abin da ya halatta, tabziri kuwa kashe dukiya inda bai dace ba sam. Ban ruwan ciyawa, in ya yi yawa, israfi ne.

Malamin makaranta: Ƙanena, Hausa muke yi a nan. Bahaushe in ya ce almubazzari zagi yake nufi, ba ya buɗe ƙamus.

Ɗalibi: Ai kai ka kawo aya, Malam.

Malamin makaranta: Yaran yanzu. An yi wata shida a Islamiyya an zama mai fatawa.

Maman 'yan biyu: Ni tambaya gare ni. Gaskiya ne ta ƙasa na tara sauro da macizai? Yarana rarrafe suke.

Na Rigasa: Ikon Allah. Mu muna bin 'yan garuwa da jarka, wasu na faɗa kan wace ciyawa za ta sha ruwa. Kogi ya ratsa gari amma famfonmu ya manta kamannin ruwa. Dukkanku almubazzarai ne, da mai roba da mai kirikiri.

Hajiya ta Unguwar Rimi: To ga shi an fara. Wanda ya haƙa bohol da guminsa sai ya nemi izinin Rigasa kafin ya buɗe famfo?

Na Rigasa: Hajiya, ruwan ƙasa ɗaya ne. Ku zurfafa naku, rijiyoyin maƙwabta su ƙafe.

Hajiya ta Unguwar Rimi: Daga Unguwar Rimi na ƙafar da rijiyar Rigasa? Lallai bohol ɗina ya cika gwani.

Mai lambu: Wai ma a tambayi Alhaji a shagon wa ya sayi robar.

Mai shagon kayan ado: Don yayata yake aure sai ya je ya saya a wani wuri?

Maman 'yan biyu: Ba wanda ya amsa mini maganar sauron.

Shugaban zaure: Ya isa haka. Abin da na fahimta: kowa ya yarda kalmar Alhaji ta yi nauyi, ya kamata ya ba iyayenmu haƙuri. An tabbatar ta roba na ƙona ƙafa, tana shan ruwa ita ma, in ta tsufa kuma sai bola. Ba a kawo wata hujja mai ƙarfi a kan ta ƙasa ba. Mai son a dasa masa ya tuntuɓi mai lambu.

Mai shagon kayan ado: Wane "kowa"? Gara da kuɗin man janareto fa? Kuma ba tare da mai lambun kuke da gandun furanni a bakin kogi ba?

Shugaban zaure: An rufe magana.

Alhaji na Barnawa: Kafin a rufe, ragon da nake turkawa ya kwance jiya, ya yi fitsari a kan ciyawar robar, ya kuma tauna bakin gefe ɗaya. Da me ake fitar da warin?