Maigida yana zaunar da yaronmu a kartar kuɗi da abokansa, ya zan yi?

Mai tambaya: Assalamu alaikum. Admin don Allah a ɓoye sunana, dangin mijina da yawa suna cikin zauren nan. A Kano muke. Da a Fagge muke zaune, gidan gado, ni da matan ƙannensa. Bayan rasuwar surukina aka sayar da gidan aka raba kuɗin, rigimar da aka sha ba ta faɗuwa, har yau akwai wadda ko a biki muka haɗu ba ma gaisawa. Da kasonsa maigida ya ƙarasa gininsa a Rijiyar Zaki muka tare, ya sa sola saboda wuta. Tun da abokansa suka gano falon baƙinmu fanka na juyawa har asuba, majalisa ta dawo gidanmu. Abokansa ne tun na sakandare, kuma mutanen kirki ne wallahi, ɗayansu ma shi ya biya kuɗin asibiti da na haifi auta. Duk daren Asabar bayan isha'i suke haɗuwa, a dafa shayi, a sayo tsire, su yi ta buga Whot har ƙarfe ɗaya.

Babban yarona shekararsa 15, yana SS2. Da shi ke kai musu shayi ya kwaso kofuna. Ran nan mutum ɗaya bai zo ba, aka ce ya zauna ya cike gurbi, shi ke nan ya zama ɗan majalisa. Kuma kuɗi suke sawa. Makon jiya ina wanki na tarar da ₦7,500 a aljihun wandon makarantarsa, 'yan ɗari biyar-biyar a nannaɗe da roba. Da na tambaye shi sai ya ce ci ya yi, har da murmushinsa, wai duk ya fi su riƙe lissafin katin da ya fita. Ko barci ba na iya yi. Ku ba ni shawara.

Maman Ilham: Wa alaikumus salam. Kin yi wa maigidan magana kuwa? Ba ki faɗa ba. Kuma nawa suke sawa?

Abu Safwan: Baiwar Allah, wannan ba ya buƙatar dogon bayani. Duk wasan da kowa zai zuba kuɗi mai ci ya kwashe, caca ce, ko naira biyar ce. Ki buɗe Suratul Ma'ida aya ta 90 da ta 91, Allah ya haɗa caca da giya da gumaka, ya ce ƙazanta ce daga aikin Shaiɗan. A Bukhari da Muslim, wanda ya ce wa abokinsa zo mu yi caca, an umarce shi ya yi sadaka. Faɗa kawai fa ya yi, bai buga ba. Don haka maganar ko ya dace yaro ya zauna cikin manya ba ta ma taso ba. Su manyan wa ya halatta musu?

Mai tambaya: Malam na gode. Amma ₦200 kowa ke sawa a zagaye, wani lokaci 500, kuma yawanci a tsire da lemo kuɗin ke ƙarewa. Mijina ba ɗan caca ba ne, jam'i ba ya wuce shi. Maman Ilham na taɓa yi masa maganar a fakaice, ya ce gara yaron yana gabansa da ya tafi bakin layi wurin 'yan ƙwaya. Ni ma a nan na ga gaskiyarsa.

Ummu Haidar: Hmm. 'Yar uwa ke ki gode Allah naki a falo yake yi kina jin motsinsa. Nawa mijin a waya yake tasa cacar, ta ƙwallo. Kullum wasa ɗaya ne ya yanke masa, kullum gobe zai ci miliyan. Keken ɗinkina da na saya da kuɗin adashe ya ce zai kai gyara, yau wata nawa ban sake ganinsa ba. Da na kai ƙara wurin uwarsa sai ta ce ni ce ba ni da haƙuri. Allah dai ya saka mana.

Baban Zara: Ni dai a ganina ana neman zafafa abin. A Zariya wurin kawunnaina na koyi karta ina ɗan firamare, ban zama ɗan caca ba, asali ma a nan na koyi zama da manya da haɗiye haushi in an ci ni. Mu a lokacin wanda aka ci kofin ruwa biyu yake shanyewa, ka ga babban mutum ciki ya cika yana neman hanyar bayi, ana ta dariya. Hajiya ki lallaɓa maigida a cire kuɗin kawai, a koma ƙirga maki a takarda. Yaron ya ci gaba da zama da babansa. Uba nawa ne yanzu ke zama da ɗansa na awa ɗaya?

Abu Safwan: Baban Zara, da ra'ayinka da labarin kawunnanka ba hujja ba ne. Imam Malik ya kawo a Muwaɗɗa cewa wanda ya yi wasan nardu, wato wasan da ake jefa ɗan lido, ya saɓa wa Allah da Manzonsa, kuma akwai malaman da suka hana karta ko babu kuɗi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ke kuma baiwar Allah a Kano kike, kin san a 2024 Hisbah ta rufe shagunan cacar ƙwallo, kuma a Nuwamban shekarar Kotun Ƙoli ta yanke cewa tsara harkar caca hurumin jihohi ne, ba na tarayya ba. Kamfanonin cacar kansu sun rubuta sai ɗan shekara 18. Naki 15. Ki ba maigidan mako ɗaya, in bai daina ba ki kira magabatansa, in ya ƙi ki tafi Hisbah.

Maman Ilham: Haba Malam! Ta kai uban 'ya'yanta Hisbah a kan ɗari biyu? In ya miƙo mata takarda gidanka za ta koma?

Anti Bilki: Ni a Manchester nake. A nan foka, wata irin karta, suke bugawa a gidaje, kuma dokar caca ta Birtaniya ta 2005 ba ta hana yaro shiga wasan cikin gida ba, gidan caca ne sai ya kai 18. Duk da haka wata abokiyar aikina da 'yan robobin wasa take koya wa nata, in maza sun fito da kuɗi yara su hau sama. Ni abin da ya tsaya mini daban ne. Ranar da aka cinye yaronki, daga ina yake samo na sawa? Kuma wace hira maza shida ke yi ƙarfe goma sha biyun dare a gaban ɗan shekara 15? Na san dai ba tafsiri ba ne.

Mai tambaya: Anti babansa ne ke ba shi na farawa, kuma ba a cika cinsa ba. Shi ma yake bin ɗaya daga cikinsu ₦3,000. Abin da ya ɗan sosa mini rai, ranar Juma'a da mutumin ya zo yaron ya tare shi a ƙofa yana cewa Alhaji yaushe za a biya ni, suka tafa. Mutumin da a da sai ya durƙusa yake gaishe shi. Amma fa karatunsa bai ja baya ba, shi ne na uku a ajinsu, lissafi ma ya ƙara ƙwarewa.

Ummu Haidar: To ita ₦7,500 ɗin tana ina yanzu?

Mai tambaya: Gas ne ya ƙare maigida yana Kaduna, na cika da ita na yi ɗuri. Ai kuɗin babansa da abokan babansa ne, ba na wani bare ba, kuma su da kansu suka ci abincin.

Abu Safwan: Inna lillahi. Kin dafa wa 'ya'yanki abinci da kuɗin caca sannan kina tambayar ya za ki yi? Ki fitar da daidai kuɗin ki mayar wa masu shi, ki tuba. Na faɗa tun farko, ba yaron ne matsalar gidan nan ba.

Baban Zara: Malam a dinga sassautawa, shawara ta zo nema, ba shari'a ba.

Mai tambaya: Ni ban ce a yanke wa gidana hukunci ba, kuma ba inda zan kai mijina. In na ce yaron ya daina zama, babansa zai ce na raina abokansa, shi kuma yaron ya ce na hana shi abin da ubansa ya yarda. Jibi Asabar. Yadda zan ɗauko maganar ba tare da ya gane na kawo ta nan ba nake tambaya, har yanzu ba wanda ya faɗa mini.

Maman Ilham: Ki tura shi gidan yayarki ya kwana ranar Asabar ɗin tukuna.

Mai tambaya: Da ita ma ba ma shiri yanzu, wannan wani dogon labari ne.