Neman gidan haya a kewayen Abuja: ina ya fi dacewa da mai iyali?

Abban Hanifa: Assalamu alaikum jama'ar zaure. An yi mini canjin wurin aiki daga Kano zuwa Abuja, ofishinmu yana kusa da Sakatariyar Tarayya. Ina neman ɗaki biyu da falo, ni da iyali da yara biyu. Abin da ke hannuna naira miliyan ɗaya da rabi ne, har da kuɗin dillali. Cikin gari dai na san ya fi ƙarfina. Wace unguwa kuke ganin zan nufa?

Malam Ɗanjuma: Wa alaikumus salam. Allah ya sa canjin ya zama alheri. Kafin a zo maganar unguwa, ka fara ware abin da ba haya ba. A nan yawanci dillali kashi 10 cikin 100 yake karɓa, a ce na lauya ma kashi 10, sannan ga kuɗin ajiya da mai gida yake riƙewa saboda ɓarna. Ka ga ke nan gidan da za ka nema kada ya wuce miliyan 1.2, in ba haka ba ranar biya za ka ji kunya. Kuma kada ka tura wa kowa ko sisi kan hoton da ya aiko maka a WhatsApp. Sai ka taka ƙafarka cikin gidan, ka ga mai shi ko wakilinsa ido da ido.

Maman Iman: Yaya, da kuɗin nan za ka samu gida mai kyau a Mararaba ko Ado ko Masaka, wataƙila har da canji. Mu a Mararaba muke. Hausawa ko'ina, masallatai da islamiyyu ba sai an nema ba, cefane kuma ya fi cikin gari sauƙi nesa ba kusa ba. Amma tsakani da Allah sai na gaya maka wahalarta. Jihar Nasarawa ce, kuma kusan kowa ta titin Keffi yake shiga Abuja. Maigidana daga sallar asuba yake wucewa, don in gari ya waye masa a gida, to cunkoson Nyanya zuwa Kugbo sai ya cinye masa safiyar. Da yamma ma haka. Yaran nan sau da yawa sun yi barci kafin ya dawo, abin yana damuna ƙwarai. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuma, rangwamen da muke samu a haya rabinsa a kuɗin mota yake tafiya.

Injiniya Bashir: Gaskiya ta faɗa. Ni Kubwa zan ce maka. Titinta faffaɗa ne, in ka fito da wuri babu ɓata lokaci har Sakatariya. Wasu sassan suna samun ruwan famfo daga madatsar Usuma, wanda ba ƙaramin abu ba ne ga mai yara. Ga tashar jirgin ƙasa, ka hau ka sauka Rigasa a Kaduna, daga nan ka kama motar Kano. Matsalar ita ce kowa ya gane haka, shi ya sa gida ba ya kwana. A tsakiyar Kubwa kuɗinka sai dai ciki da falo. In lallai ɗaki biyu kake so, ka matsa Byazhin ko Dutsen Alhaji, amma ka duba hanyar shiga layin da kyau.

Abban Hanifa: Na gode. Lugbe fa? Wani abokin aiki yana ta yaba mini ita.

Hajiya Ladi: Lugbe tana da kyau, titin filin jirgi ne, amma ta yi tsada yanzu, kuma akwai wuraren da ruwa yake ci. A daminar 2023 ambaliya ta yi ɓarna sosai a wata unguwa a can. Ɗana, ko ina za ka kama, ka dubi gindin katanga. In ka ga fenti ya kumbura yana ɓarewa daga ƙasa, ko wani layi mai duhu ya zagaye bangon daidai gwiwa, ruwa ya taɓa kwana a gidan. Sabon fenti a rabin bango kaɗai ma abin tambaya ne. Ka samu mai shagon da ke layin ka sayi ko ruwan leda ne, ka tambaye shi. Shi ba ya da la'ada a ciki, zai gaya maka gaskiya.

Malam Ɗanjuma: A ƙara da wuta. Ka nemi gida mai mitar kati naka kai kaɗai, a duba maka ko akwai bashin wanda ya tashi. Ka tambaya ko layin Band A ne, wato rukunin da aka fi ba wa awannin wuta a rana, don tun Afrilun 2024 kuɗin wutarsu ya ninka na sauran. Sai ruwa: in babu famfo babu rijiyar burtsatse, ka lissafa kurar 'yan ga-ruwa nawa iyalinka za su sha a mako, ka ɗora a kan hayar.

Alhaji Mai Katako: Ba wanda ya ambaci Dei-Dei, alhali titi ɗaya ne da Kubwa, gaba kaɗan kafin Zuba. Nan nake sana'a, nan nake zaune. Kuɗinka zai kama ɗaki biyu in an bincika a tsanake. Abu guda: a nan da su Gwagwa da Karmo akwai gidajen da aka gina ba takardun hukuma, rusau na iya zuwa musu. Ka tambayi takardar fili kafin ka biya, kuma a rubuta yarjejeniya a ba ka rasit.

Maman Iman: Kuma Yaya, ka je ganin gidan ranar aiki da sassafe, ka shiga motar haya daga bakin layin har ofis. Ranar Lahadi kowace unguwa kusa take.

Abban Hanifa: Allah ya saka da alheri. Zuciyata ta fi karkata ga Dei-Dei ko Dutsen Alhaji. Zan bar iyali a Kano tukuna, in shigo ranar Litinin in zagaya.

Alhaji Mai Katako: Madalla. In ka iso ka sauka gadar Dei-Dei ka yi mini magana ta akwatin sirri. Akwai wani maƙwabcina da zai tashi ƙarshen wata, zan haɗa ka da mai gidan kai tsaye, ka huta da kuɗin dillali.