Littafi kan mata masu ilimin taurari

Tauraruwa: Salam ƴan uwa, dan Allah wa ya san littafi mai kyau kan matan da suka yi ilimin taurari? Na karanta labarin Cecilia Payne, a 1925 ta gano yawancin jikin taurari haidurojin ne amma manya suka ce ba zai yiwu ba, wallahi abin ya tsaya min a rai.

Dan_Zahra: Nemi na matan da suka yi aiki a cibiyar duba taurari ta jami'ar Harvard, su Henrietta Leavitt. Wuni suke suna duba hotunan sama a faifan gilashi ɗigo ɗigo, a haka ta samo hanyar auna nisan taurari a 1912.

Yar_Malam: Ni na Jocelyn Bell ya fi taɓa ni yaya, tana ɗaliba ta gano pulsa (wata irin tauraruwa mai juyawa da sauri tana aiko da siginar rediyo a kai a kai) a 1967, Nobel ɗin 1974 kuma malaminta aka ba.

Tauraruwa: Allah sarki, da nata zan fara.