Sikelina na rataye yana ƙara nauyi da rana, zafi ne ko ya lalace?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina awon hatsi da sikelin rataye mai sifirin. Buhun da ya nuna kilo 50 da sassafe, in an maimaita bayan azahar sai ya nuna kusan 51. Zafi ne ke sassauta sifirin ɗin? Yaya zan yi?

Injiniya: Wa alaikumus salam, Alhaji. Zafi na da hannu, amma ba shi kaɗai ba. Ƙarfen sifirin yana rage tauri da kusan kashi 0.03 cikin ɗari a kowane digiri ɗaya da zafi ya ƙaru. Daga digiri 20 na safiya zuwa 42 na tsakar rana, taurin ya ragu da kusan kashi 0.66, wato sifirin zai ƙara miƙewa, allura ta ƙara wajen giram 330 a kan kilo 50. In sikelin a rana yake rataye, jikinsa na iya kai digiri 60, ƙarin ya haura rabin kilo. Da ya huce taurin ya dawo. Kilo guda cur kuwa ya yi yawa, akwai wata matsalar.

Mai gyaran sikeli: Haka ne. Alhaji, sauke kaya ka duba allura. In ba ta komawa sifili, sifirin ya saki, galibi saboda an ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa ko an bar buhu rataye tsawon lokaci. In kuma tana maƙalewa sai an ɗan buga, ƙura da tsatsa ne a haƙoran da ke juya ta. Buɗe, goge da kananzir, ɗiga man keken ɗinki kaɗan. Ban da giris, ƙura yake tarawa.

Notin saiti sifili kawai yake gyarawa, ba ya mayar da tauri. Gwaji mai sauƙi: lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Auna jarka babu komai, zuba lita 20 daidai, ka auna safe da rana. Bambancin zafi kada ya wuce giram 150 a inuwa.

Maƙeri: Kada wani ya ce zai gasa maka sifirin da wutar walda ya dawo. In sifirin ya yi ja a wuta, horon da aka yi wa ƙarfen ya tafi, ko dai ya yi laushi ko ya karye. Wanda ya saki sauyawa ake yi.

Injiniya: Wasu sikeli masu tsada da agogon hannu masu sifirin suna amfani da haɗin ƙarfe, nikel da kuromiyam mai suna Elinvar, wanda taurinsa kusan ba ya motsi da zafi. Charles Guillaume, mutumin Suwizalan, ya samar da shi, ya kuma karɓi kyautar Nobel a 1920. Na kasuwa ba su da shi, don haka rataye naka a inuwa, ka saita sifili kafin kowane awo.