Singilton ɗina na Java ya zama biyu, a taimaka

Mai tambaya: Salamu alaikum 'yan uwa, don Allah ku duba min. Ina da kilas a Java da ke ba da lambar rasit, na yi shi singilton, wato guda ɗaya tak ake so a ƙirƙira a duk manhajar, getInstance() yana dubawa in instance null ne, wato ba a ƙirƙira ba tukuna, sai ya ƙirƙiro sabo. A kwamfutata lafiya lau, amma da aka ɗora kan saba (server) mutane suka yi yawa sai ga rasit biyu da lamba ɗaya, na duba log kuma na ga an ƙirƙiri kilas ɗin har sau biyu. Ta yaya haka?

Ɗan Java: Wa alaikumus salam. Thread biyu ne, wato ayyuka biyu da ke gudana lokaci guda a cikin manhajar, suka shigo tare, na farko ya ga null, kafin ya gama ƙirƙira na biyu ma ya leƙo ya ga null, kowa ya yi nasa. Sa synchronized a kan getInstance() don Thread su riƙa shiga ɗaya bayan ɗaya, ka huta.

Mai Android: Hakan zai yi amma duk mai kira sai ya bi layi. Wasu suna duba null sau biyu, waje da cikin synchronized, to in za ka bi nan dole instance ya zama volatile, alamar da ke sa kowane Thread ya ga abin da aka rubuta a ƙarshe, in ba haka ba wani Thread zai iya karɓar abun tun ba a gama gina shi ba. Kafin Java 5 ta 2004 ma ko da volatile dabarar ba ta da tabbas.

Tsohon hannu: Ni duk wannan wahala ce. Yi shi enum, irin kilas ɗin da ake jera membobinsa tun farko, mai INSTANCE ɗaya, JVM, injin da ke gudanar da Java, da kanta za ta tabbatar sau ɗaya aka ƙirƙira. Amma malam ko ka gyara wannan rasit ɗinka zai ci gaba da maimaituwa, don lamba++ aiki uku ne, a karanta, a ƙara, a rubuta, Thread biyu za su iya karanta 41 tare kowa ya rubuta 42. Koma AtomicLong da incrementAndGet(), mai yin ukun a matsayin aiki ɗaya. Saba nawa gare ku ma tukuna?

Mai tambaya: Biyu ne ranka ya daɗe.

Tsohon hannu: To kowace JVM da nata singilton ɗin, kaunta biyu kenan. Mayar da lambar cikin database, in PostgreSQL ne yi sequence ka riƙa kiran nextval, ka kuma sa UNIQUE a kan lambar rasit ɗin don database ta ƙi karɓar lamba ɗaya sau biyu.