Zan raka abokina Kirista Meksiko lokacin bikin matattu, ya zan yi da sallah da abinci?

Abu Hanan:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah shawara nake nema wajen duk wanda ya taɓa zuwa Meksiko. Akwai abokina ɗan can da muke aiki tare, ɗan Katolika ne, mutumin kirki wallahi, ya daɗe yana damuna in raka shi gida in gaida mahaifiyarsa, to yanzu hutunmu ya zo lokaci ɗaya, ƙarshen Oktoba zuwa farkon Nuwamba. Abin da ya ɗan tsaya min a rai shi ne lokacin ya faɗa daidai da bikin da suke wa matattunsu ranar 1 da 2 ga Nuwamba, kuma ya ce sai ya kai ni babban cocinsu na Guadalupe da wani tsohon gari mai dalar duwatsu. Ni ba na son in ɓata masa rai amma kuma ba na son in taka abin da zai taɓa min addini. Akwai masallaci a birnin Meksiko, babban birnin ƙasar, kuwa? Abinci fa, me mutum zai ci? Shiga cocin don kallo kawai ya halatta?

Injiniya MK:

Wa alaikumussalam. Malam Abu Hanan ka je abinka, ƙasa ce mai daɗi kuma mutanenta akwai karamci. Amma bari in gaya maka gaskiya, cocin da kake tsoro ba shi ne zai ba ka wahala ba, kicin ne. Kitsen alade da suke kira manteca yana shiga abincin da ko a mafarki ba za ka zarge shi ba. Waken da ake dafawa a dame a soya, wanda ake zubawa a gefen kusan kowane faranti, da yawa da shi ake soyawa. Tamales, wato ƙullin masara da ake naɗewa a ɓawon masara a turara, shi ma da shi ake kwaɓawa ko da cikinsa kaza aka sa. Tortilla, wato gurasarsu mai faɗi marar kauri, ta alkama ita ma sau da yawa akwai, ta masara ce dai ba a sa mata mai, sai dai ka duba a kan me aka gasa ta, don mai sayar da taco (nama ne da ake naɗewa a tortilla) na bakin titi faranti ɗaya yake soya komai a kai. Sai abin da ya fi ruɗar baƙi, tacos al pastor. Za ka ga nama jere a tsinken ƙarfe a tsaye yana juyawa gaban wuta da abarba a samansa, ka rantse shawarma ce, kuma asalinsa daga shawarmar ne don 'yan Lebanon da suka yi hijira can su suka kawo salon, amma naman alade ne zalla. Carnitas, chicharrón, chorizo duk alade ne, ka haddace sunayen.

Abin da ya rage maka ma yana da yawa fa, kifi, jatan lande, ƙwai, shinkafa (ita ma ka tambaya da wane romo aka dafa), avocado, masara gasashshiya, 'ya'yan itace kamar a kyauta. Abin sha kuma ka nemi agua de jamaica, zoborodo ne sak, akwai na tsamiya ma. Ruwan famfo kar ka sha, su kansu na gora suke saya.

Masallaci akwai amma kar ka sa ran jin kiran sallah. A ƙidayar 2020 mutanen ƙasar sun kai miliyan 126, waɗanda suka ce su Musulmi ne ba su kai dubu goma ba. A birnin Meksiko akwai cibiyar Musulmi a unguwar Anzures kusa da Polanco inda ake Juma'a, a nan za ka haɗu da Larabawa da 'yan Pakistan da 'yan Afirka da 'yan ƙasa da suka musulunta, su za su nuna maka inda ake samun naman halal. Alƙibla arewa maso gabas take, ka saukar da manhajar lokutan sallah tun kafin ka tashi. Ka tafi da ƙaramar darduma, kuma ka riƙa yawo da robar ruwa don banɗakunansu takarda ce kawai.

Birnin yana kan tudu sama da mita 2,200, kwanakin farko ko bene ka hau sai ka ji kana haki, ba ciwo ba ne.

Malam Abu Sumayya:

Allah ya saka wa Injiniya. Game da sallah, kai matafiyi ne, amma a mazhabar Malikiyya idan ka yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku a wuri ɗaya to kasaru ta yanke, sai ka cika. Idan kun fita zuwa wani gari mai nisan da ya kai na kasaru sai hukuncin tafiya ya dawo.

Shiga coci kuwa malamai sun yi saɓani, wasu sun karhanta saboda gumaka da hotunan da ke ciki, wasu sun halatta idan da buƙata kuma ba ibadarsu ka je yi ba. Abin da ba saɓani a kai shi ne kar ka durƙusa, kar ka kunna kyandir, kar ka karɓi gurasar da limaminsu ke rabawa. Bikin matattu kuma ni shawarata ka nisanci abincin da aka ajiye wa mamaci a kan teburin da suke jerawa don tunawa da matattu, ko da daga baya an sauke an raba. In son samu ne ma ka ɗage tafiyar zuwa bayan bikin, hankalinka ya fi kwanciya. Wallahu a'alam.

Maman Ilham:

Malam ya yi bayani, amma ni dai a ganina ba sai ya ɗage ba, don ranar ce ma zai fahimci mutanen. Na taɓa kasancewa a gidan wasu a lokacin. Tebur ne ake jerawa hawa-hawa a falo, a sa hotunan waɗanda suka rasu, a zuba wata fure ruwan lemo mai ƙamshi da suke kira cempasúchil tun daga bakin ƙofa har gaban teburin wai don mamacin ya gane hanya, a ajiye kofin ruwa da gishiri da burodin bikin da abincin da marigayin yake so lokacin yana raye. Matar gidan ta ajiye wa mijinta kofi da kwalin sigarin da yake sha, tana nuna min hoton tana ba ni labarinsa tana dariya tana share hawaye. Ba wanda ya ce in yi wani abu, na tsaya na saurara na yi mata ta'aziyya shi ke nan. Aƙidarsu ce ba tawa ba, kuma ita ma ta san haka.

Abin da zan ja maka kunne a kai shi ne gaisuwa. Can mace da namiji sumbatar kumatu suke ko da ranar suka fara haɗuwa a gidan dangi, mahaifiyar abokinka da yayyensa mata za su nufo ka hannu buɗe. Ka sa abokin naka ya yi musu bayani tun a waya, kai kuma ka dafa ƙirji ka ɗan sunkuyar da kai da fara'a. Haka maganar alade da giya, ya faɗa wa mama tun kafin ta sha wahalar girki, don ƙin cin abincin uwa a can abin kunya ne babba, kuma giyar tequila da mezcal su ake tarbar baƙo da su.

Guadalupe kam ka je ka gani. Tsohon cocin ya karkace saboda ƙasar birnin tana nutsewa, a kan tafki aka gina shi, shi ya sa suka gina sabo a 1976. Za ka ga mutane suna tafiya da gwiwa a filin tun daga nesa wasu da jarirai a hannu, cika alkawarin da suka ɗauka ne. Ranar 12 ga Disamba miliyoyi ne ke zuwa, lokacinka da sauƙi.

Ɗan Baba:

Ni fa duk ba wannan ba, tsaro fa? Kullum labarin 'yan ƙwaya muke ji daga can.

Injiniya MK:

Ɗan Baba matsalar akwai ta ba ƙarya, amma ta fi ƙarfi a wasu jihohi, kuma shi da ɗan gari zai tafi. Ya guji tare tasi a titi da dare, ya kira ta manhaja, a jirgin ƙasa na cikin gari ya riƙe wayarsa da kyau don akwai 'yan sane, kuma kar ya shiga taragon gaba, na mata da yara ne.

Abu Hanan garin da abokinka yake nufi Teotihuacan ne, wajen kilomita 50 daga birnin, ba inuwa a wurin don haka ku yi sammako. Ka kuma matsa masa ya kai ka dandalin Zócalo, a nan za ka ga babban cocin da Sifaniyawa suka gina dab da kangon wurin bautar Aztek, mutanen da ke mulkin wurin kafin zuwansu, bayan sun ci birnin a 1521, shi kangon ma sai 1978 ma'aikatan lantarki suna haƙa suka ci karo da wani ƙaton dutse mai sassaƙa sannan aka tono shi gadan-gadan. Gidan tarihi na Chapultepec kuma yini guda ba ya isa, ranar Litinin a rufe yake.

In da lokacinku zai kai, da na ce ku gangara kudu San Cristóbal de las Casas a jihar Chiapas. Akwai 'yan ƙabilar Tzotzil, jikokin Maya, da suka karɓi Musulunci tun tsakiyar shekarun 1990, suna da masallatansu, matan da ɗankwali a kan baƙin siket ɗinsu na gashin tumaki. Nisa ne dai, sai jirgi ko kwana a mota.

Abu Hanan:

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na yi magana da shi yanzu, ya ce zai kira mamansa a kan maganar kitsen nan da gaisuwa, har yana dariya wai dama kifi ta fi iyawa. Malam na ji maganar teburin, ba zan ci ba in sha Allah. Saura biza, ina da ta Birtaniya da ba ta ƙare ba, sai na sake neman tasu?

Injiniya MK:

Dokarsu ta yafe wa mai biza mai rai ta Amurka, Kanada, Birtaniya, Japan ko ƙasashen Turai na Shengen idan yawon buɗe ido ne, amma ka tabbatar a ofishin jakadancinsu kafin ka biya kuɗin tikiti don irin waɗannan dokokin suna canzawa. Sannan ka duba ta inda jirgin zai bi, in ta Amurka ne ko sauka kawai za ka yi ka canza jirgi sai da bizarsu. Ka nemi wanda zai bi ta Istanbul ko Landan.